Tsagar Inna da Na Goge

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a hanya, Ya sauke ki Hawata lafiya, daga can Ya kai ki Hartum lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a duk inda kika ajiye jakarki. Amin.

Na san dariya za ki yi. Jiya muna tare a tsakar gida muna shan jabana, gahawar nan tamu, yau da safe ni da hannuna na ɗora miki kaya a mota, amma ga ki da wasiƙa kamar wadda ta shekara a tafiya. Ki yi haƙuri da ubanki. Akwai maganar da na kasa faɗa miki baki da baki. Sau uku ina buɗe baki a satin nan, sai in ji kaina ina tambayarki ko kin ɗauki caja. Shi ya sa na rubuta, na manna takardar a bayan ƙaramin hoton kakarki Inna da kika ce lallai da shi za ki tafi, na kuma ce kar ki buɗe sai motarku ta bar Gadarif. Maganar a kan hoton nan take. Amma bari in bi ta a hankali, don in na fara da ita hannuna ba zai iya rubuta sauran ba.

Za ki je aiki a situdiyon mata, ki riƙa ɗaukar amare a wuraren da tun da aka tsaurara dokokin nan ba a barin namiji ya leƙa da kyamara. Na ji daɗi, kuma ban ji daɗi ba, don ban san wa zai riƙa yi min dariya a shago ba in na rasa inda na ajiye fayil. Kin fi ni hannu a kwamfuta, wannan ko ban faɗa ba duk layinmu na kasuwa sun sani. Ni da fim na fara, a ɗaki mai duhu, da warin maganin wanke hoto a hannun rigata. Kwamfuta da furfura ta same ni. Abin da kawai na fi ki shi ne yawan kuskure, kuma shi ne guzurin da nake da shi da zan ba ki.

Na farko, ki yi dariya in kin ga dama. Lokacin da na sayi kyamarar da ba ta cin fim, na sa kwamfuta a shago, sai na gano a cikin manhajar gyaran hoto akwai maɓalli guda, in ka taɓa shi launi duk ya zube, hoto ya koma baƙi-da-fari nan take. Na ce to, aiki ya ƙare, abin da muke wahala a kansa da can yanzu yatsa ɗaya ne. Ana nan sai wani manomi ya zo daga Simsim bayan an gama yankan riɗi, shi da matarsa. Yana son hoto baƙi-da-fari irin na mutanen da, wanda zai rataya kusa da na mahaifinsa. Matar ta sha jan tobi, mayafin nan da ake naɗe jiki duka da shi, sabo fil, na tsayar da ita gaban koren labulen nan namu. A ido abin gwanin kyau. Na taɓa maɓallina, na wanke, ko dubawa ban yi ba na sa a ambulan. Mutumin ya zaro hoton, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, “Ya usta mai hoto, ina matata? Kanta kawai na gani da hannuwa biyu. Sauran a ina ka bar min?”

Gaskiyarsa. Jan tobin da koren labulen haskensu ɗaya ne, da launi ya tafi sai suka zama toka iri ɗaya, matar ta narke cikin labule. Sai a ranar na zauna na koyi 'yan sandunan nan da ake ja hagu da dama, kowace da launin da take riƙe da shi. Na ja ta ja, tobi ya yi haske. Na ja ta kore, labule ya yi duhu. Sai ga baiwar Allah ta fito tsaf tana tsaye kusa da mijinta.

Don haka, Ummi, kar ki yarda da maɓalli guda. Kafin ki zubar da launi, ki tsaya ki dubi abin da launin yake rabawa: tobi da bango, lalle da fata, zinari da wuya. Amare can za su zo miki da ja a kan ja, in kika yi gaggawa lallen da aka wuni ana zanawa zai ɓace a hannunsu, uwar amarya kuwa ba za ta yafe miki ba. A ranar dai na lura da wani abu kuma, cewa duk lokacin da na ja sandar ja, fuskar mutum ma haske take yi, fatarsa ta yi sumul. Na ji daɗin wannan ilimi sosai a lokacin.

Na biyu ba abin dariya ba ne. A waɗancan shekarun mata sukan zo da hotunan 'ya'yansu da aka ɗauka hidimar soja aka tura kudu, ba su dawo ba. Wata ta kawo min na ɗanta, mai launi, an ɗauke shi a ƙofar makaranta. Ta ce a mai da shi baƙi-da-fari, a ƙara masa girma. Ni kuma na ga dama ta samu in nuna gwaninta. Na baƙanta sararin sama a bayansa, na ƙara duhu a inuwa da haske a goshi, har yaron ya fito da kwarjini kamar wani kwamanda. Da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta turo min shi a kan tebur. Ta ce, “Kwayyis, ya yi kyau. Amma wannan soja ne. Ni ɗana nake so, wanda yake satar min gyaɗa a faranti yana dariya.” Allah Ya taimake ni hotonta na asali yana nan, na sake yi mata, ban ƙara komai ba. Ta rungume shi ta fita, ko sallama ta manta.

Ki riƙa tambaya kafin ki taɓa fuskar mutum. Ki ce a ba ki labarinsa ko da kalma biyu ne. Wanda ya kawo hoto ya san mai hoton, ke haske da inuwa kawai kika sani.

To, yanzu ki juya hoton da ke hannunki, ki dube shi.

Shekara uku gare ki Inna ta rasu, ba ki san fuskarta ba sai a wannan hoto. Kin taso kina ganin babbansa a bangon shago kusa da na kakanki. Ina jin ki kina nuna wa ƙawayenki, kina cewa ku ga kakata, ku ga yadda fatarta take kamar ta yarinya, sunanta aka sa min. Duk lokacin da kika faɗi haka sai in sunkuyar da kai in kama goge gilashin kyamara. Ummi, wannan ba fuskar Inna ba ce. Inna baƙa ce wuluk, kuma tana da tsaga a kumatu biyu, sirara, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Ni na goge su.

Tsagar nan tana da dalili. Inna da ƙanwarta, Habboba Ladi, wato kaka Ladi, da za ki sauka wurinta yau, suna yara ƙanana mahaifinsu ya ɗauri aniyar zuwa Makka da ƙafa daga ƙasar Hausa. Kafin su kama hanya ya kira wanzami ya yi musu tsagar gidansu, su biyu rana ɗaya, don in yarinya ta ɓata a hanya duk wanda ya tsince ta ya san 'yar ina ce. Ba su ɓata ba. Guzuri ne ya ƙare a nan, aka tsaya noman dawa don a tara na gaba, shekara ta bi shekara, har ga mu.

Ni kuma a lokacin da nake ba ki labari wani abu ne ya shiga kaina. Shago ya fara tashi, manyan 'yan kasuwar hatsi sun fara kawo min iyalansu, ana kira na ɗaukar taro. Sai na daina Hausa a shago. In ɗan unguwarmu ya shigo ya gaishe ni da Hausa, da Larabci nake amsa masa. Ba wanda ya kore ni daga ko'ina, kar ki ɗora wa kowa. Wasa ne kawai ake yi a layi, a kira mutum da sunan da ake kiran mutanenmu, a yi dariya, ni ma in yi, in dawo shago in rasa abin da ke min daɗi. Inna kuwa ba ruwanta. Da rana tsaka za ta shigo da kwanon abinci a ka, ta ɗaga murya da Hausa tun daga bakin ƙofa: “Kai mai hoto, ka ci ko sai na yi maka ɗura?” Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, mai hoto take ce min. Mutanen ƙasar nan su ma tsofaffinsu suna da tasu tsaga, uku-uku masu kauri, kuma da ita suke alfahari. Ta Inna daban ce. Ko ba ta yi magana ba, fuskarta ta riga ta faɗi daga inda muka fito.

Wata rana ta shigo da kwanonta babu kowa a shago, na ce ta zauna in ɗauke ta. Ta yi ta ƙi, tana cewa tsohuwa me za a yi da hotonta, daga baya ta gyara ɗaurin kallabi ta zauna. Sau ɗaya na danna, don kunya ba ta bar ta ta ƙara minti guda a kujerar ba. A duk rayuwarta wannan ne kaɗai hoton da aka yi mata, ban da wani ɗan ƙarami na takarda da ya ɓace tun kafin a haife ki.

Niyyata in mai da shi baƙi-da-fari ya dace da na Baba. Da ta tafi na buɗe shi a kwamfuta. Kin san al'adarmu, ɗan fari ba ya ƙura wa uwarsa ido, ita ma ba ta ƙura masa. Na haura shekara arba'in ban taɓa kallon fuskar Inna na daɗe ba sai a ranar, a gilashin kwamfuta. Na kalle ta, sannan na tuna a bangon shago za ta zauna, inda kowa zai gani. Na kama sandar ja na ja kaɗan, fuskar ta yi haske. Na ƙara, tsagar ta fara dusashewa. Na ƙara da ta rawaya. Ɗan abin da ya rage na bi shi da abin gogewa layi-layi har ya tafi. Ban ɗauki lokacin shan shayi ba. Sannan na danna ajiyewa a kan fayil ɗin asali, ban ware kwafi ba. Katin kyamara kuwa ƙarami ne a wancan lokacin, da yamma na share shi don masu biki suna jira.

Bayan kwana biyu ta shigo da abinci ta tarar da shi a bango cikin firam. Ta ajiye kwano, ta matsa kusa, ta ɗaga kai ta daɗe. Sannan ta ce, “Mai hoto, wannan baiwar Allah kuma 'yar ina ce?”

Na ce, “Inna, ke ce mana.”

Ta ce, “Masha Allah, kyakkyawa ce. In ta zo karɓa ka gaishe ta.”

Ta ɗauki kwanon jiya ta fita. Ba ta yi faɗa ba, ba ta sake tayar da maganar ba, amma daga ranar ba ta ƙara taka shagon ba, mamanki ce ta koma kawo min abinci. Na ce a raina zan sake ɗaukar ta, bari damina ta wuce, bari a gama bukukuwa. Zazzaɓi ya kama ta ana tsakiyar yankan riɗi, kwana biyar ta yi.

A zaman makoki na kawo hoton gida, don mata suna ta tambaya ko akwai hotonta. Habboba Ladi ta zo daga Hawata. Aka miƙa mata, ta duba, ta kife shi a kan tabarma. Ta sa aka kira ni har cikin ɗakin mata, ta ce, “Ɗan Yaya, wa ya wanke mata fuska?” Na sunkuyar da kai. Ta ce, “Wanzami ɗaya ya yi mana. Ita aka fara yi wa, jini na zuba ta riƙe hannuna tana cewa kar in ji tsoro, ba zafi. Tun daga can har nan ba ta ɓata ba, sai a shagonka.”

Na mayar da hoton bango saboda ba ni da wani, kuma bango babu ita ya fi min ciwo. Kin girma, kin so shi, na rasa ta inda zan fara. Mamanki ta sha ce min in gaya miki. Abin da ita ma ba ta sani ba shi ne sau nawa na buɗe fayil ɗin nan in shago ya yi shiru bayan azahar, ina ƙoƙarin mayar da tsagar da hannuna. In zana biyar, in ga ba ita ba ce. In zana bakwai, in ga wata ce daban. Ummi, ban san ko guda nawa ba ne. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, amma ban ƙirga ba. Mamanki ta ce shida, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce tara, ga shi kowa da rantsuwarsa. In na rufe ido muryarta nake ji sarai, har ƙarar kwanon a kan tebur, amma fuskar da ke zuwa min ita ce wadda na yi da hannuna. Ina kewar uwata, kuma na rasa fuskar da zan yi kewarta da ita.

Sau biyu ina zuwa Hawata da kyamara. Habboba Ladi ta karɓe ni, ta ba ni abinci, ta tambayi kowa da kowa. Da na ciro kyamara sai ta ja tobi ta rufe fuska har ido, ta ce, “Halas, ya isa, ɗan Yaya. Ka karɓi guda, ba na ba ka ta biyu.” Ko da muke hira a kaikaice take zama, ni kuma ba ni da idon da zan ƙura mata.

Wa'azin da ke cikin wannan kin riga kin gane shi, amma bari in faɗa don hakkin uba ne. Kar ki taɓa ajiye gyara a kan asali. Ki ware kwafi kafin ki taɓa komai, ko hoton akuya aka kawo miki. Kuma can za ki haɗu da masu cewa ki haskaka su, ki rage wannan, ki share wancan. Wadda ta roƙa da bakinta a kan fuskarta, wannan ruwanta. Amma kar ki haskaka kowa don ke kike jin kunyarsa. In an tambaye ki 'yar ina ce ke, ki ce Gadarif, ki ce Bahaushiya, ki ci gaba da aikinki. Ni na gwada ɗayar hanyar, ba ta ƙara min komai ba.

Yanzu ga roƙona. Na ce ki biya Hawata ki yi sallama da dangi, kuma gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Habboba Ladi ta tsufa ƙwarai, bana ko azumi ba ta iya yi ba. Ita kaɗai ta rage a duniya da tsagar nan. Ke ba ta iya hana ki abu, Yaya take ce miki, in kin shiga har tashi take ƙoƙarin yi. Ki bari sai gobe da hantsi, kun karya, ta sha jabanarta. Ki zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki, haske ya zo mata daga gefe guda, don a hasken gefe tsaga take fitowa. Kar ki kunna filasha. Ki ɗauki dama, ki ɗauki hagu, ki ɗauki gaba, kar ki tsaya a guda ɗaya kamar ubanki. Kafin ki yi komai ki ajiye asalin wuri uku. In kin zo mai da shi baƙi-da-fari, ki bar sandar ja inda kika same ta. In tsagar ba ta fito sosai ba ki ɗan taɓa ta shuɗi, kaɗan, kar ki ƙara mata tsufan da ba nata ba. Baƙinta ki bar mata shi yadda Allah Ya yi shi.

Kar ki ɓoye mata cewa ni na aike ki. Ki gaya mata mai hoto ya ce ya yi laifi, ya sani tun ranar, girman kai ne ya hana shi faɗa a ɗakin makoki. In ta yarda, alhamdu lillahi. In ta ja tobi ta rufe, kar ki matsa mata, kuma kar ki ɗauke ta a sace, fuskarta ce. Ki mayar da kyamara jaka, ki zauna kusa da ita ki yi mata tsifa ko ki matsa mata ƙafa. Ke jika ce, ba kunya tsakaninku, kina iya kallon ta yadda kike so. Ki kalle ta da kyau, ki ƙirga na dama, ki ƙirga na hagu, ki kira ni ki gaya min.

Ƙaramin hoton da ke hannunki kuwa, ki riƙe ko ki ajiye, yadda kika gani. Idanun dai nata ne, su ban taɓa ba. Babban na shago zan sauke shi yau da zarar na dawo daga tasha, haka na yi niyya, kuma in kina karanta wannan to na riga na yi. Ƙusar tana nan kusa da hoton Baba, ba zan rataya komai a kanta ba sai na ji daga gare ki.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama, Ya tsare miki ido da hannu da mutunci, Ya sa ki gama da kowa lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa. Mamanki tana gaishe ki, tana cewa yajin da ke cikin gwangwanin madara na Habboba ne, ba naki ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba Habboba Ladi lafiya, Ya dawo min da ke in gan ki da idona. Wayata tana aljihun gaba, gobe tun hantsi ba zan sa ta a caji ba.

Wassalam.

Ni ne ubanki,
mai hoto.